Yayana Mai Jiniya da Rufaffun Kwanoni

Wanda ya ba mu aron Yayana ya karɓi abinsa. Ban ja da wannan ba. Daga wurinsa muka fito, wurinsa za mu koma, Yaya dai ya riga ni tafiya kamar yadda ya riga ni zuwa. Abin da na ja da shi wata magana ce da ta faɗo kunnena a zaman makoki. Ita ce ta sa na ce a kawo takarda, ni in ba da baki, mai hannu ya rubuta. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, lungun gidansa na Samaru ya kasa ɗaukar jama'a. Maƙwabtansa na nan tsoho mai gyaran risho da fitilar ƙwai kawai suka sani, don haka suka saki baki da suka ga maza na ta ɓullowa daga Sabon Gari, daga Chikaji, daga Jama'a, wasu a keke, wasu a ƙafa, kusan kowa cikin tsohon kaki wanda wanki ya cinye launinsa. Ba wanda ya ce musu su sa shi. Amininsa makanike, mutumin kudu, Kirista, ya tsaya gefe da hula a hannu lokacin da ake sallar gawa, hawaye har gemu. Da aka ɗaga makara ya bi bayanta, ba wanda ya ce masa kanzil.

Matar Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta rungume kwanon abincinsa mai murfi, wanda fentinsa ya ɓare a gefe, tana ta shafa shi. Babban ɗansa kuwa ya kasa haɗa ido da tsofaffin nan masu kaki. Zan zo kan dalili.

Ina zaune cikin mata sai na ji wata maƙwabciya ta sunkuya tana ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, bawan Allah. An ce tun da kamfani ya kore shi bai ƙara zama mutum ba."

Na juya na ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki?"

Ta ce, "Haka dai ake faɗa, Iya."

Na ce, "To masu faɗa su zo su faɗa a gabana."

Aka riƙe ni, wai in yi haƙuri, gidan mutuwa ne. Na yi shiru don darajar mamaci. Yau kuwa zaman makoki ya tashi, bakina nawa ne, sai ku gyara zama.

Kamfanin matsar mai ne, na gyaɗa da angurya, can Chikaji. Ba zan faɗi sunansa ba, bai kai in ɗauke shi a bakina ba. Yaya ya shige shi gemunsa bai gama fitowa ba. Aikinsa shi ne ba babbar tukunyar tururi wuta, tukunyar da ke juya injinan wurin kaf. Kuma shi ke jan igiyar jiniya: da safe a shiga, tsakar rana a fito cin abinci, da yamma a tashi. Matan Sabon Gari da jiniyarsa suke ɗora tukunya. Shi ya sa har ya bar duniya ba mai kiran sunansa na yanka, sai Mai Jiniya. Ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, saboda haka in yana yi maka sirri, na tsallaken titi ma ya ji. Gashin hannunsa wuta ta lashe tun da daɗewa. In ya fasa goro, babban ɓarin yake miƙa wa na kusa da shi, ya ce wai haƙorinsa ba ya son wahala.

Ni kuwa da mijina ya rasu, na kafa rumfar tuwo a tsallaken titi, gindin wata darbejiya da ke kallon ƙofar kamfanin. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A gindin darbejiyar nan tsofaffin ma'aikata ke ciyayya. Da Yaya ya ja jiniyar tsakar rana sai su fito, kowa da kwanon da aka ba shi daga gida, ko ya saya a wurina, a jera a tsakiya a buɗe, hannu ya yi ta yawo. Wannan ya kawo tuwon dawa, wancan dambu, makanike ya kawo teba da miyar da ke sa katti hawaye. Yaya ne babba, shi ke cewa, "Bismillah, a sa hannu, kowa nasa ne." Kafin ya faɗi haka ba mai taɓa ko loma.

Aka yi shekarar nan ta babban ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo, wasu suka yi sabon keke. Murna ba ta gama sauka ba gyaɗa ta yi ciwo a gonaki, motocin da ke layi a ƙofar kamfani suka ragu. Sai muka ga ana shigo da sababbin injina masu aiki da lantarki, aka kawo sabon manaja. Ba wanda ya ce da kowa komai.

Dokar wurin ita ce, kowane ma'aikaci yana da lambarsa ta tagulla rataye a ƙusa, jikin wani allo a bakin ƙofa. Ka zo da safe, ka cire taka, ka wuce. Wata safiya ina hura wuta sai na ga mutane sun yi cirko-cirko gaban allon. Samari sun sami nasu sun wuce. Masu furfura kuwa, kowa ya kai hannu sai ƙusa tsirara. Haka aka faɗa musu. Ba a kira su ofis ɗaya bayan ɗaya ba, ba a ba su kujera ba, ƙusa ce ta yi musu magana. Mai gadi, wanda ya sha cin tuwo da su, ya juya yana kallon bango.

Can akawu ya fito ya tsaya kan dakali ya ce kamfani na rage ma'aikata, sababbin injina masu takarda suke so, kamfani ya gode. Aka ba kowa ɗan abin sallama. Waɗanda suka fi daɗewa aka ƙara musu da agogon tebur.

Yaya ya juya agogon nan a hannunsa, ya ce da muryarsa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, "Ni da nake faɗa wa garin nan lokaci, yau ni ake ba agogo?" Ya miƙa wa mai gadi ya ce, "Riƙe, kai ne za ka riƙa jiran tashi."

Ku da ba ku gani ba, ba ku san abin da kora ke yi wa mutumin da ya tsufa a wuri ɗaya ba. Yunwa ita ce ƙarama. Mutum ya ba inji ƙuruciyarsa, hannunsa bai san gona ba, bai san awo ba, wa zai ɗauki mai furfura da kunne ɗaya? Wani ya koma ƙauyensu ya tarar ba wanda ya san shi, ya dawo. Wani ya daina zuwa masallacin unguwa don kada a tambaye shi ya aiki. Matar wani ta kwashe kwanonin jerenta ta kai kasuwa. Akwai wanda bai faɗa wa iyalinsa ba sam, kullum ya sa kaki da safe ya fita, ya je bayan tashar jirgi ya zauna har yamma. Aka kuma karɓe ɗakunan bariki. Yaya ya kwashe kayansa ya koma Samaru, wurin dangin matarsa, ya kafa teburin gyaran risho. Gindin darbejiya ya zama sai ni da ƙudaje, da 'yan tsirarun da ba a kora ba, suna ci kai a ƙasa kamar masu laifi.

Ana nan wata rana, dab da tsakar rana, na hangi keke ya taho daga wajen Hanwa, mai shi cikin kaki wankakke, an goge shi da dutsen guga har yana ƙyalli, kwano ɗaure a baya. Sabuwar jiniyar lantarki ta yi kuka daidai lokacin da ya sauke ƙafa.

Ya ce, "Auta, wannan kuma wace akuya aka shaƙe?"

Na ce, "Magajiyarka ce. Yaya, me ya kawo ka? Tun daga Samaru?"

Ya ce, "Abinci na zo ci. Daga aiki aka kore ni, ko ke ma kin kore ni daga gindin bishiya?"

Ya shimfiɗa tabarma a inda ya saba, fuskarsa na kallon ƙofar kamfani.

Daga ranar ya shiga bin su gida-gida. Ya je bayan tasha ya samo wancan mai ɓuya, ya ce masa, "In zama za ka yi, zo ka zauna inda aka san ka." Wasu suka zo. Da yawa suka ƙi, kuma ya gane dalili. Ciyayya da kwano ake zuwa, a buɗe a gaban kowa. Wanda aka kwana ba a ɗora tukunya a gidansa ba, me zai buɗe?

Nan ne Yaya ya yi abin da nake so a riƙa tuna shi da shi. Ya sa na kewaye bayan rumfata da zana, ya ari manyan farantaina, ya tara mutane ya kafa doka. Ya ce daga yau kowa zai zo da kwanonsa a rufe, ɗaure cikin ƙyalle, ya kai bayan zana da hannunsa ya ajiye, ya fito. Ba mai ɗaukar wa wani. Ba mai buɗewa sai shi. Shi kaɗai zai shiga, ya juye komai a faranti, ya fito da shi.

Makanike ya ce, "Mai Jiniya, wato tebata za ka cakuɗa da dambu? Wannan ai zalunci ne."

Yaya ya ce, "A cikinka ma haɗuwa suke yi, Aboki. Na rage maka aiki."

Aka yi dariya, amma kowa ya gane. Wanda ke da shi ya kawo, wanda ba shi da shi ya kawo kwano. Bai tsaya nan ba. In ya gama juyewa, sai ya ɗauraye kwanonin duka, ya mayar da murafe, ya ɗaure. Wanda ya zo cike da wanda ya zo wayam, duk a jiƙe suke komawa hannun masu su. Ko da wani zai saci kallo, ba abin da zai gani.

Kafin a jima gindin darbejiya ya cika fiye da da. Waɗanda ba a kora ba suna fitowa da kwanoni masu nauyi, ba wanda ya ce sadaka suka yi, ba wanda ya yi musu godiya, don ciyayya ce, su ma hannunsu na ciki. A nan ake jin inda ake neman mai gadi, inda ake neman mai gyaran famfo. A nan wancan mai ɓuya ya sami ƙarfin zuciyar da ya je ya faɗa wa matarsa gaskiya. Da azumi ya kama aka mayar da zaman lokacin shan ruwa, makanike ma ya riƙa jira tare da su, wai shi ba zai ci shi kaɗai kamar maye ba.

A kan kwanonin nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, ni da Yaya. Wasu ranakun in ya shiga bayan zana sai ya leƙo ya ce, "Auta, miƙo malmala kaɗan." Kaɗan ɗin nan ta yi ta girma. Ran nan da aka watse na tare shi.

Na ce, "Yaya, tuwon sayarwata nake zubawa. Ban ce ba zan zuba ba. Amma ko ba komai in san wa nake ciyarwa."

Ya ce, "Mutane."

Na ce, "Waɗanne? Akwai wanda na gani da sabuwar hula, ina zargin wayam yake kawowa."

Ya ce, "Kin gani? Ba ki sani ba ma kin fara. In kin sani, gobe in ya zo za ki dube shi. Idonki ba ya ɓoye komai, tun kina goye haka kike. Ya ga kallon nan sau ɗaya, ba zai ƙara zuwa ba."

Na ce, "To rumfata ce, zanata ce, farantaina ne."

Ya ce, "Kwashe abinki. Gobe in zo da tawa zanar in kewaye."

Na yi kwanaki ba na gaishe shi. Ya zo, in juya baya ina tuƙi. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya fasa goro ya ajiye mini babban ɓarin a kan murfin tukunya. Har yau ina ganin mai zuba tuwonta tana da hakkin tambaya. Amma ban kwashe zanar ba, malmala kuma ban daina miƙawa ba.

Manaja bai so zaman nan ba. Kullum ya leƙo ta taga sai ya ga waɗanda ya share daga allo zaune cikin kaki suna kallon ƙofarsa, na ciki kuma suna fita suna haɗa hannu da su. Ya ɗauka ƙungiya ake ƙullawa. Sai ya buɗe wurin cin abinci a ciki, ya ba da oda a riƙa kulle ƙofa da tsakar rana, ba mai fita.

Na ciki suka yi dabara. Da safe kafin su shiga sai su kai kwanoninsu bayan zana su ajiye. Da Yaya ya zo ya ga kwanoni ba masu su, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Wannan ba ciyayya ba ce. Wanda bai sa hannu ba, ba a cin nasa. Mu ba mabarata ba ne."

Ya shiga, ya juye, ya fito da faranti a ka, bai tsaya kan tabarma ba. Ya tsallaka titi, tsofaffi na biye da shi da sauran farantan, ya dire a ƙasa jikin ƙofar ƙarfen nan mai sanduna. Ya ɗaga murya, wadda dama a ɗage take, ya ce, "Ku na ciki! Bismillah, a sa hannu, kowa nasa ne!"

Wallahi ina tsaye da muciya a hannu na ga abin. Sai wani dattijo mai ɗinkin buhu, cikin 'yan kaɗan da suka tsira, ya zo ya tsuguna ta ciki, ya zuro hannu ta tsakanin sanduna ya yanki tuwo. Sai wani. Sai wani. Na waje a tsugune, na ciki a tsugune, ƙarfe a tsakani, hannuwa na haɗuwa a faranti ɗaya. Direbobin manyan motoci suka tsaya suna kallo, masu tallan rake suka taru, wata mai lemo ta rangaɗa guɗa.

Manaja bai fito da kansa ba. Ɗan Yaya ya aiko, babban, wanda ya yi makaranta, yana cikin samarin da aka ɗora kan sababbin injina. Ya zo ya tsaya ta ciki, gumi na keto masa.

Ya ce, "Baba, don Allah ku tashi. An ce in ba ku tashi ba, ni zan amsa."

Kowa ya san yaron yana da mata da 'ya'ya, kuma albashinsa ne ke riƙe da rabin gidan Samaru.

Yaya ya dube shi ya ce, "Ka faɗa, na ji, ka sauke saƙo. Koma ka ce ka faɗa wa tsohon, tsohon kurma ne. Ba ƙarya ka yi ba."

"Baba, aikina..."

"Riƙe aikinka da kyau. Ban ce ka tsuguna ba, ban ce ka sa hannu ba. Amma inda farantin nan yake titin gwamnati ne, hannuwan da ke zurowa kuma na masu su ne. Ka ce masa in yana jin yunwa akwai wuri."

Yaron nan ya juya ya tafi, bai waiwayo ba. Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba yau. An sa shi tsakanin ubansa da tuwon 'ya'yansa, wanda ya sa shi a nan shi ne mara kunya.

Haka aka yi ta ci ta tsakanin sanduna, rana bayan rana, har abin ya zama abin kallo, ana zuwa daga kasuwa don a gani. Da manya suka fara tambayar wane irin kamfani ne ke ciyar da mutane kamar fursuna, sai aka wayi gari ƙofa a buɗe. Ba tausayi ba ne, kunya ce. Yaya bai yi murna a fili ba. Cewa kawai ya yi, "Madalla, gwiwata ta huta."

Ɗansa dai bai taɓa zuwa gindin darbejiya ba. In an fito, sai ya bi ta ɗaya gefen. A gida suna gaisawa lafiya lau, amma ba mai ta da zancen. Shekara ta juyo, ta sake juyowa, kamfani ya ƙara rage mutane, wannan karon har da masu takarda. Shi ma ya kai hannu ya tarar da ƙusa. Ya shige ɗaki ya rufe. Na ce da Yaya, "Ka je ka fito da shi mana, kamar yadda ka fito da sauran." Ya ce, "Sauran ban haife su ba. Wannan in na kira shi, umarni ne. Ya san hanya."

Yaya bai ga zuwansa ba. Tari ya kama shi, irin na waɗanda suka shaƙi hayaƙin tukunya shekara da shekaru. Duk da haka yana taka keken nan daga Samaru, ya iso yana haki, ya huta, ya shiga bayan zana. Ranar ƙarshe da ya zo, ya daɗe a ciki har na matsa kusa na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Kada ki shigo." Ko a ranar. Ya fito da faranti, ya faɗi maganarsa, ya ci loma kaɗan. Bai ƙara dawowa ba.

Wannan shi ne mutumin da aka ce bai ƙara zama mutum ba.

Bayan sadakar bakwai na koma rumfa, don zaman gida ba ya ciyar da ni. Na ɗauka shi ke nan, abin ya bi mai shi. Akuyar lantarki ta yi kukanta na tsakar rana, sai ga su, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙullinsa. Kowa ya kai bayan zana ya ajiye, ya fito ya zauna. Aka bar wurin Yaya ba kowa. Ba mai tashi, don duk wanda ya shiga zai san asirin sauran, su kuma za su san ya sani.

Muna cikin haka na hangi keken da na sani ya taho daga wajen Hanwa. Ɗan Yaya ne, da kwanon ubansa ɗaure a baya. Ya sauka, ya yi sallama. Ba wanda ya tuna masa komai. Makanike ya matsa ya ce, "Kai abinka ciki, ɗana, ka zo ga wuri." Ya kai, ya fito, ya zauna a bakin tabarma.

Sai dattijon nan mai ɗinkin buhu ya ce, "Iya, tuwo na hucewa."

Na ce, "To ku tashi wani ya shiga mana."

Makanike ya ce, "Mu duka masu kwano ne. Ke kaɗai ce ba ki da kwano a ciki."

Na ce, "Ni da ya ce idona ba ya ɓoye komai?"

Ɗan Yaya ya ɗago kai ya ce, "Gwaggo, da yana kwance ya ce in faɗa miki, wai kin yi shekaru kina miƙa tuwo ba ki leƙa ba, alhali zanar taki duk huda ce. Ya ce ya gani."

Na ajiye muciya. Na wanke hannu, na shiga.

Na kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya. Na san kwanon kowa, na san ƙyallen kowa, shekara nawa ina ganin su. Abin da na so sani har na yi gaba da ɗan'uwana a kansa, ga shi a gabana, ba mai hana ni. Na buɗe, na juye, na ɗebo daga tukunyata abin da ya kamata in ɗebo. Na ɗauraye su duka, har na Yaya mai ɓararren fenti, na rufe, na ɗaure. Na tsaya na goge fuskata sosai kafin in fito, na kafa idona kan faranti, ban dubi kowa ba.

Na san kuna jira in faɗa muku nawa ne wayam, na wa da na wa, da abin da na tarar a kwanon Yaya. Mai rubutun nan ma ya ɗaga alƙalami yana kallona. Ba za ku ji ba. Kamfani da injinansa da ƙofarsa ta ƙarfe bai ga cikin kwanonin nan ba, ku ma ba za ku gani ba, da ni za a binne shi.

Na dire faranti a tsakiya, gaban wurin da ba kowa. Muryata ba ta kai tasa ba, amma na ɗaga ta yadda za a ji a tsallaken titi, har cikin ofis in da mai saurare.

Na ce, "Bismillah, a sa hannu, kowa nasa ne."

Aka sa.

Ya Allah, ranar da za a buɗe na kowa a gaban kowa, ga bawanka nan Mai Jiniya. Ka shiga da shi bayan zana.